Hukuncin Taya Tsohuwa Jiƙa 'Ya'yan Silo Cikin Giya A Ƙasar Ingila

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mace ce, ina aikin kula da tsofaffi a wani ƙauye da ke kudu maso yammacin Ingila. Cikin waɗanda nake zuwa gidajensu akwai wata tsohuwa Baturiya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, ciwon gaɓoɓi kuma ya ƙanƙame mata yatsu. Wallahi Malam matar nan tana kyautata mini. Ita da kanta ta ware mini wurin yin salla a gidanta, da azumi kuma ko shayi ba ta yarda ta sha a gabana.

Duk shekara wajen watan Oktoba ita da mijinta sun saba haɗa wani abin sha. Ana tsinko 'ya'yan wata ƙaya da ke shingen gonaki, suna ce musu silo, a huhhuda su da allura, a zuba a kwalba, a sa sukari, a cika da giyar jin, a riƙa girgizawa har zuwa Kirsimeti. Bana ta ce hannunta ba zai iya ba, ta roƙe ni in tsinko mata, in huhhuda, in zuba, in riƙa girgiza kwalbar duk ranar da na zo. Ni dai ba sha zan yi ba, ba ni zan sayo giyar ba, kuma ba dafa giya ake yi ba, ta shago ce. Wata ƙawata ma cewa ta yi ai rage mata ƙarfi zan yi, tunda sukari da 'ya'yan itace zan ƙara. Shin ya halatta in taya ta? Idan ta ba ni kwalba ɗaya kyauta ya zan yi? Takan kuma yi cakulan da 'ya'yan da aka tsame, zan iya ci? Zan iya yi wa kaina irinsa ba da giya ba? Ina kuma tsoron kada ta kai ƙarata wurin kamfaninmu, don bizata a hannunsu take.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya tun kwalbar ba ta iso hannunki ba. Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san yadda yake, don haka bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar.

Silo ɗan wata bishiya ce mai ƙaya da ake kira Prunus spinosa a ilmin tsirrai, dangin fulam ce, kuma da ita manoman Ingila suka daɗe suna shinge gonakinsu. 'Ya'yanta ƙanana ne, baƙaƙe masu ratsin shuɗi, a ido sai ki ce ƙananan ɗinya, amma baurinsu yakan ɗaure baki, shi ya sa ba a faye cin su ɗanye ba. A da sai sanyi ya fara daskarar da raɓa ake tsinko su, yanzu kuwa firiza ake sa su kwana fatar ta tsage. Wannan ɗan itace halal ne, tsarkakakke, babu malamin da ya ce wani abu a kansa. Jin kuwa barasa ce da ake tatsowa daga ruɓaɓɓen hatsi ta hanyar turara shi, a ƙamsasa ta da 'ya'yan wani itace. A dokar ƙasar da kike, ba a kiran abu jin sai barasar da ke cikinsa ta kai kashi 37.5 cikin ɗari. Idan an jiƙa silo a ciki wata biyu zuwa uku, ruwan 'ya'yan da sukarin sukan sauke ƙarfin, amma wanda ake sayarwa a shago da wannan suna dole ya kai aƙalla kashi 25. Giyar kwalba da aka sani kashi 4 zuwa 5 ce, ta inabi kuma wajen 12 ko 13. Kin ga abin da ƙawarki ta ce an rage wa ƙarfi ya ninka giyar kwalba kusan sau biyar. Abin da sukarin yake yi shi ne ɓoye zafin barasar, ya sa mai sha ya ƙara kofi bai ankara ba. Gyara ta aka yi don ta yi daɗin sha.

Haramcin abin da ke cikin kwalbar ba wurin saɓani ba ne. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 90, giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, sai ya ce a nisance su. Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, duk giya kuma haram ce. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Da Abu Musa al-Ash'ari ya tambayi Annabi game da abin sha biyu na mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, ba a ce masa ai ba na inabi ba ne. Amsa ɗaya ya samu, duk mai sa maye haram ne. Sayyidina Umar kuma a kan mumbari ya lissafa abu biyar da ake giya da su a zamaninsu, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, sannan ya ce giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Abin da Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya tattara ke nan a Risala, wadda yaranmu ke karantawa a zaure.

Na san ba kan sha kika yi tambaya ba. Tambayarki ita ce ko haramcin ya tsaya ga mai sha. Bai tsaya ba. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matse ta, da wanda ya sa a matse masa, da mai shan ta, da mai ɗaukar ta, da wanda aka ɗauko wa, da mai shayar da ita, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka sayo wa. Cikin goman nan mutum ɗaya ne kaɗai aka ce ya kai ta bakinsa. Sauran tara hannu ne da ƙafa da aljihu.

Ki dubi na farkon cikinsu da kyau, domin a kansa mas'alarki ta rataya. Mai matsa inabi yake matsewa. Abin da ke fita daga hannunsa ruwan inabi ne mai zaƙi, wanda da zai kurɓa a lokacin babu laifi a kansa. Giyar ba ta ma samu ba tukuna, sai bayan kwanaki. Duk da haka ya shiga cikin la'anar, saboda ya san abin da ake nufi da ruwan kuma ya yi aikin don a kai ga nan. Idan wanda halal ne tsantsa a hannunsa ya shiga, ina ga wadda za ta buɗe kwalbar barasa da hannunta ta tsiyaya, ta auna sukari, ta rufe, ta riƙa dawowa tana girgizawa har ta nuna? Hujjar cewa a shago aka sayo ta ba ta sauƙaƙa lamarin ba. Abin da aka sayo a shago jin ne. Abin da za a sha ranar Kirsimeti wani abin sha ne dabam mai launinsa da ɗanɗanonsa da sunansa, kuma wanda ya haɗa shi shi ne ya yi shi. Saboda haka zubawa da aunawa da girgizawa duk haram ne a kanki, ko da ɗigo bai taɓa leɓenki ba. Allah ya ce a aya ta 2 ta wannan surar, ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Wani zai iya kawo maganar tsimin da Annabi yake sha. Gaskiya ne ana jiƙa masa dabino ko zabibi. Nana A'isha ta ce sukan jiƙa da safe ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Amma a ruwa ake jiƙawa, kuma ana sha ne kafin ya juya. Kwalbar tsohuwarki giya ce tun daƙiƙar farko. Wani kuma zai ce ai giya idan ta rikiɗe ta zama khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega, ta halatta. Haka ne, sai dai wannan ba ta rikiɗewa. Barasar da ta kai wannan ƙarfi ba ta barin ƙwayoyin da ke mayar da giya khal su yi aiki, shi ya sa masu yin ta ke ajiye kwalba shekaru, su ce ma tana ƙara daɗi.

Saura batun cewa matar ba Musulma ba ce. Nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Ba a ɗora miki hana ta sha ba. Ba za ki zubar mata da giya ba, ba za ki ɓoye ba, ba za ki tsaya kanta da wa'azin da ba ta nema ba. Malaman Malikiyya da Hanafiyya har cewa suka yi Musulmin da ya zubar da giyar Kiristan da ke zaune da amana a ƙasar Musulmi sai ya biya shi, balle ke da kike baƙuwa a ƙasarta, a cikin gidanta. Abin da aka ɗora miki shi ne hannunki, kuma hukuncin hannun Musulmi ba ya sauyawa don wanda zai sha ba Musulmi ba ne. Hadisin bai ce mai ɗaukar ta zuwa ga Musulmi ba. Don amanar ilmi zan gaya miki an ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa ya halatta ladan wanda aka ɗauka haya ya ɗaukar wa Kirista giya, bisa cewa ɗauka ita kaɗai ba saɓo ba ce, don ana iya ɗauka a je a zubar ko a mayar khal. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, sun saɓa masa saboda wannan hadisin, Malik da Shafi'i ma ba su tafi a kai ba. Ko da mun karɓi maganar, ba ta kai inda kike ba. Shi a kan dako ya yi magana, ke kuwa haɗawa aka ce ki yi, kuma an faɗa miki baki da baki sha za a yi.

Tsinko 'ya'yan da huda su, su ne suka fi kama da aikin mai matsar inabi. Asalinsu halal ne, manufa ce ke juya su. Mazhabar Malik ta yi tsanani a nan fiye da wasu: ba a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, haka duk abin da aka san mai karɓa haram zai yi da shi. Ba a ce ki riƙa bin zuciyar mutane da zato ba. Da maƙwabci zai gan ki da kwando ya ce ki ɗan sam masa, ba ki san me zai yi da su ba, ki ba shi babu komai, don ana yin jam da su, ana yin sirof. Amma wannan baiwar Allah ta riga ta gaya miki abin da take so da su. Bayan sani babu sauran fakewa da asali. Kada ki tsinko don kwalbar, kada ki huda don kwalbar.

Kyautar kwalba kuwa, irinta ta faru a gaban Annabi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, yana kuma cikin Muwaɗɗa, cewa wani mutum ya kawo wa Manzon Allah salkar giya kyauta. Annabi ya ce masa, ka san Allah ya haramta ta? Ya ce a'a. Sai mutumin ya yi wa wani raɗa. Annabi ya tambaye shi me ya ce, ya ce na umarce shi ya sayar. Sai Annabi ya ce, wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita. Mutumin ya kwance bakin salkar har ta tsiyaye. Ki lura Annabi bai ci mutuncinsa ba, tambayarsa ya yi ko ya sani. Ke ma ki sanar da ita tun yanzu, kafin Disamba ta zo ta naɗe kwalba da kyakkyawar takarda ta miƙo miki a gaban 'ya'yanta, ƙin karɓa ya zama abin kunya gare ku duka. Idan duk da haka ta miƙo, ki yi godiya ki bar mata abarta. Idan kuwa an sako miki cikin jakar kyaututtuka ba ki gani ba sai a gida, ki tuttular a magudanar ruwa. Kada ki sayar, kada ki ba abokiyar aikinki da kika san tana sha. Wasu sukan kafa hujja da rigar alharinin da Annabi ya ba Umar, shi kuma ya aika wa ɗan'uwansa mushriki a Makka. Alharini ba haram ba ne a zatinsa, mata suna sawa, ana cinikinsa. Giya kuwa Abu Ɗalha ya tambayi Annabi game da wadda marayun da ke hannunsa suka gada, Annabi ya ce a zubar, Abu Ɗalha ya ce ko in mayar musu da ita khal, ya ce a'a. Dukiyar maraya ce fa, wadda Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan taɓa ta, amma ba a nema mata mai saye ba.

Cakulan ɗin nan kada ki ci. Mas'alar tana da 'yar'uwa a littattafanmu. Shaihu Khalil a Mukhtasar, a babin tsarki, ya jero abubuwan da ba sa tsarkaka idan najasa ta ratsa su: man da aka cakuɗa da ita, da naman da aka dafa da ita, da zaitun da aka jiƙa a cikinta, da ƙwan da aka dafa a ciki, da tukunyar ƙasa da ta tsotsi najasa mai ratsawa. Zaitun da aka jiƙa shi ne ainihin silon da ya kwana wata uku a cikin jin, an ma huda shi tun farko don barasar ta shige cikinsa. Wanke bayansa ba ya fitar da abin da ke ciki. Wannan bisa maganar mazhabobi huɗu ke nan cewa giya najasa ce. Akwai waɗanda suka ce ba najasa ba ce, irin su Rabi'a malamin Imam Malik, da Laisu ɗan Sa'ad, da Muzani almajirin Shafi'i, an kuma kafa musu hujja da cewa ranar da aka haramta ta sahabbai a titunan Madina suka kwarara ta. Amma saɓaninsu a kan taɓawa ne da salla da tufafin da ta zuba a kai. Babu ɗayansu da ya halatta ci, kuma mai tauna waɗannan 'ya'yan barasa yake tsotsa. Kada kuma a ce miki wuta ta kore ta. Cakulan narkar da shi kawai ake yi a ɗan zafi kaɗan. Ko abincin da aka dafa sosai, binciken da aka yi wa ma'aikatar aikin gona ta Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna bayan minti 15 a kan wuta wajen kashi 40 na barasar da aka zuba yana nan, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa wajen kashi 5. Wannan dabam yake da ɗan burbushin da ke samuwa da kansa a burodi ko a nunannen ɗan itace, wanda ba wanda ya zuba shi kuma ko an cika ciki ba ya bugarwa.

Amma kada wannan ya jefa ki cikin waswasi a wurin aiki. Wanke kofin da ta sha, goge abin da ya zube a tebur, fitar da kwalaben da suka ƙare zuwa shara, duk ya halatta, domin kawarwa ce. Idan ta taɓa miki hannu ko riga, ki wanke wurin ki yi sallarki, alwalarki ba ta karye ba. Kwalbar gilashi kuma ba tukunyar ƙasa ba ce, ba ta tsotsa, wanki yana tsarkake ta. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi game da kwanukan Ahlul Kitabi da suke dafa alade suke shan giya a ciki, ya ce in ba ku sami wasu ba ku wanke su da ruwa ku ci ku sha.

Yin irinsa ba da giya ba halal ne, kuma ina ganin nan mafitarki take. A zuba silo a tukunya da ruwa, a tafasa har su farfashe, a tace da ƙyalle, a mayar kan wuta da sukari, a sa a firji. Abin da zai fito ja ne jawur mai ɗan tsami, ana tsarma shi da ruwa a sha. In an haɗa da tuffa aka daɗe ana dafawa sai ya zama jam. Abu biyu za ki kiyaye. Na farko, kada ki daka ƙwallon, don akwai sinadari mai guba a cikin ƙwayarsa kamar sauran danginsa. Na biyu ya shafi hukunci: kada ki zuba ɗanyun 'ya'yan da sukari da ruwa ki ajiye a ɗaki mai ɗumi kina jiran watanni kamar yadda suke yi da tasu. Tasu barasar ce ke tsare ta. Taki babu mai tsare ta, kuma farar ƙurar da ke jikin fatar tana ɗauke da yis na daji, ko dai ta yi funfuna ko ta fara tsimuwa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi yakan sha abin da aka jiƙa masa ranar da aka jiƙa da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya ba da a sha ko ya sa a zubar. Hanbalawa sun riƙi kwana ukun a matsayin iyaka. Mafi yawan malamai, har da namu, sun ce abin lura shi ne juyawar abin, don zafin Madina ba ɗaya yake da cikin firji ba. Hukuncin da muke ba masu zoɓo da kunun zaƙi a gida ke nan: in ya fara kumfa da kansa, murfi yana huci in an buɗe, wari ya sauya zuwa na tsimi, a zubar.

Akwai kwalaben da ake sayarwa a can da sunan jin marar barasa. Wanda tun asali ganyaye da 'ya'yan itace aka turara a ruwa, zatinsa halal ne. Wanda giya ce aka yi sannan aka zare mata barasa, a bisa mazhabarmu ki bar shi. Ni dai ko na farkon ba na so miki shi, don an yi shi ne ya kwaikwayi ɗanɗanon giya da kwalbarta da zamanta, kuma yaran da suka tashi suna ganin irin kwalbar a gida ba za su ji tsoron ta gaskiyar ba.

Tsoron da kike yi na aiki ban raina shi ba. Na san bizar masu wannan aiki a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinsu, kuma wanda ya rasa aikin kwanaki ƙalilan ake ba shi ya sami wani. Amma lalurar da ke halatta haram ita ce wadda ta tabbata ko ta yi rinjaye a zato, kuma babu wata hanyar kuɓuta. Taki ba ta kai nan ba. An ɗauke ki ne don wanka da abinci da magani da tsafta, roƙon nan kuwa alfarma ce tsakaninki da ita. Dokar daidaito ta ƙasar, ta shekarar 2010, ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu ba. Ki riga kowa zuwa wurin shugabarki, ki rubuta mata a taƙaice cewa addininki ya hana ki haɗa barasa ko zuba ta, sauran aiki kuwa duk kina yi. Ki ajiye kwafin saƙon. Abin da za su tsara bayan nan tsakaninsu ne da iyalanta. Ke dai kada ki zama mai nemo wanda zai haɗa mata, don wanda ya yi jagora zuwa abu yana da kaso a cikinsa. In har aka zo aka ce ko ki yi ko a sallame ki, ki sake rubuto mini da bayanin yadda aka yi, wannan wata mas'ala ce da za a duba ta ita kaɗai.

Ita tsohuwar kuma tana da haƙƙi a kanki. Allah ya ce a Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku a kan addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba, ku yi musu adalci. Wadda ta ware miki wurin salla ta wuce wannan matsayi. A nawa ganin ba giyar ce ta dame ta ba, don da ita take so, shago cike yake da ita an riga an haɗa. Abin da take nema shi ne kada kakar bana ta wuce ba a yi abin da suka saba yi da mijinta ba. Wannan kuwa kina iya ba ta mafi yawansa. Ki gaya mata a fili, da fara'a, cewa yadda ba kya shan giya haka ba kya haɗa ta, ba don kin ƙi ta ba. Wadda ta bar shan shayi don azuminki za ta gane. Sannan ki ce mata ku fita tare. Ki tura ta a kekenta zuwa bakin shingen, ta nuna miki waɗanda suka nuna da sandarta, ki sa safar hannu mai kauri don ƙayar doguwa ce kuma sukarta kan yi ruwa. Dokar ƙasar ba ta ɗauki tsinkar 'ya'yan itacen da suka fito da kansu a matsayin sata ba matuƙar ba don sayarwa ba ne, amma in shingen na cikin gonar wani ne a nemi izininsa. Ki tsinko daidai abin da za ku dafa a ranar, kada ya yi saura a firiza, ku dawo ku yi sirof ko jam tare, tana zaune tana gaya miki yawan sukarin. Abin da kuka dafa ki ci, ki kai gida, ki ba wanda kike so.

Wallahu a'alam.